Injin hura ganye mai batir a Saudiyya: me ke kashe shi da wuri, kuma ina haɗarinsa yake?

Duk mai aikin lambu ko shara a gidajen Jidda, Makka, Madina ko Riyad ya ga yadda tsintsiya ta samu kishiya a 'yan shekarun nan. Masu gida da masu isturaha, wato gidan shaƙatawa, da kamfanonin tsabta sai sayo injin hura ganye mai batir suke yi, wanda a shaguna ake kira minfak, wasu kuma su ce bulawa. Da shigowarsa muhawara ta ɓarke a majalisun 'yan uwanmu ma'aikata. Wasu sun ce kayan banza ne, batirinsa ba ya tsallake zafin shekara ɗaya. Wasu kuma sun ɗauke shi abin wasa: ba fetur, ba hayaƙi, ba wayar da za ta ja mutum, don haka ko yaro a miƙa masa.

To, injin ne ba shi da inganci, ko riƙon da ake yi masa ne bai dace ba? Kuma da gaske ne ba ya cutarwa?

Dukkan ɓangarorin biyu sun kauce. Wannan inji ya fi dacewa da ƙasashe masu sanyi, inda ganye mai laima ke zuba a kan ciyawa. A nan kuwa abu biyu ne ke jiransa: zafi, wanda ke cin batir, da ƙura, wadda ke cin injin tana kuma cin huhun mai riƙe da shi. Wanda ya gane waɗannan biyu ya gane kusan komai.

Daga ina yayin ya taso?

Bishiyoyi sun ƙaru a birane. A 2019 aka ƙaddamar da shirin kore birnin Riyad da burin dasa bishiya miliyan 7.5, a 2021 kuma aka sanar da babban shirin ƙasa mai burin bishiya biliyan 10. Bishiyar damas, darbejiya, magarya, dabino da furen jahannamiyya duk suna zubar da ganye ko fure a tsakar gida da bakin titi, kuma dole wani ya kwashe.

A can waje kuma ana juya wa injin fetur baya saboda ƙara da hayaƙi. Birnin Washinton ya haramta amfani da mai fetur tun farkon 2022, jihar Kalifoniya kuma ta kafa dokar daina sayar da sabbin ƙananan injinan fetur irin waɗannan daga ƙirar 2024. Wannan yana daga cikin abin da ya sa manyan kamfanoni kamar Makita, Stihl, DeWalt, Bosch da Milwaukee suka karkata ga batir, kayan kuma suka cika kasuwanninmu.

Abin da ke cikinsa da ma'anar lambobin jikin kwali

Injin zugazugi ne na zamani. Yana da raga inda yake shaƙar iska, da farfela, da ƙaramin injin lantarki mai juya farfelar, da bututun da iska ke fita, da kunamar da yatsa ke matsawa, sai allon lantarki mai lura da zafi da ƙarfin wuta. Injin lantarkin iri biyu ne: mai burushin kabon da marar burushi. Mai burushi ya fi araha, amma burushin yana cinyewa, ƙura kuma tana gaggauta cinyewar. Marar burushi ya fi jimiri, bai cika zafi ba, kuma yana tattalin caji. Mai aiki kullum marar burushi ya kamata ya nema.

Lambobin batir su ne inda ake yawan ruɗa mai saye. Harafin V ƙarfin turin wuta ne. Batirin da aka rubuta wa 18V da wanda aka rubuta wa 20V Max abu ɗaya ne: ƙwayoyi biyar ne aka jera, kowace tana ba da kusan 3.6V a lokacin aiki, tana kuma kai 4V ko sama kaɗan idan ta cika. Wani kamfani ya rubuta na aiki, wani ya rubuta na cika. Haka 36V da 40V Max suke, ƙwayoyi goma. Kada mai shago ya ƙara maka kuɗi a kan wannan.

Ah kuma girman tulun ne. Idan kana son sanin ainihin abin da batir ya ɗauka, ninka V da Ah, abin da ya fito shi ne Wh. Batir 18V mai 5Ah yana da Wh 90. Idan injin yana jan wat 450 a cikakken gudu, lissafi ya nuna minti 12 kacal zai yi. Don haka wanda ya ce batirinsa ya lalace saboda ya ƙare cikin kwata na awa a kan maɓallin turbo, wato gudu mafi ƙarfi, batirin lafiyarsa ƙalau, iyakarsa ke nan.

Akwai wata ƙa'idar farfela da ya kamata kowane ma'aikaci ya haddace: idan ka ninka gudunta sau biyu, wutar da take ci tana ninkuwa kusan sau takwas. Wannan ne ya sa batirin da ke yin minti 12 a turbo zai iya kai awa guda ko fiye a ƙaramin gudu. Busasshen ganyen darbejiya a kan tayil ba ya buƙatar turbo ko kaɗan.

Sai lambobin iska. Akwai na sauri, wanda ake rubutawa da km/h ko MPH, akwai na yawa, wanda ake rubutawa da m³/min ko CFM. Kowane m³/min ɗaya kusan CFM 35 ne. Sauri shi ke ɓamɓare abin da ya manne, yawa shi ke tura tari. Ƙaramin inji mai tsukakken baki zai iya nuna babbar lambar sauri alhali ba zai iya tura ganyen farfajiya guda ba. Idan kamfani ya rubuta ƙarfin turi da harafin N, wannan ya fi gaskiya, domin ya haɗa biyun.

Zafi: babban mai kashe batir

Nan ne asarar take. Batirin litiyom sinadari ne ke aiki a cikinsa, sinadari kuwa yana ƙara sauri da zafi, har da irin aikin da ke tsofar da batirin. Ƙiyasin da masana ke amfani da shi shi ne duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin wannan lalacewa. Littattafan da ke zuwa da injinan galibi suna cewa a yi caji a wurin da bai wuce digiri 40 ba, kuma kada a ajiye batir inda zafi zai kai digiri 50.

Yanzu auna wannan da ƙasar da muke. Riyad tana wuce digiri 43 a inuwa a Yuli da Agusta. A lokacin aikin Hajjin 2024 an auna digiri 51.8 a Makka. Cikin motar da aka rufe a rana kan haura digiri 60. Ɗakin ajiya mai rufin kwano a kan bene, ɗakin maigadi marar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, bayan motar a-kori-kura, akwatin ƙarfe a gefen lambu, duk waɗannan murhu ne ga batir. Batirin da a Jamus zai yi shekaru yana aiki, a nan zai iya rasa babban kaso na ƙarfinsa cikin watannin zafi na shekara ɗaya. Ƙarfin da zafi ya ci kuwa ba ya dawowa, ko da an mayar da batirin wuri mai sanyi daga baya.

Abin da ya fi muni shi ne haɗuwar zafi da cikakken caji. Batir cike taf a wuri mai zafi ya fi saurin tsufa fiye da mai rabin caji a wuri ɗaya. Saboda haka idan za a yi makonni ba a taɓa shi ba, misali ma'aikaci ya tafi hutu gida, a bar shi da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, wato fitila biyu cikin huɗu, a cire shi daga jikin injin da daga caja, a ajiye a ɗaki mai sanyi. A riƙa leƙa shi duk bayan wata biyu ko uku. Idan aka bar shi ya zube ƙasa gaba ɗaya na tsawon lokaci, caja na iya ƙin karɓarsa har abada.

Mazauna Jidda da Yanbu da Dammam suna da ƙarin matsala: raɓar teku mai gishiri tana sa bakin ƙarfen batir tsatsa. Na Ɗa'if da Abha su ne suka fi samun sauƙi. Kuma kada wani ya ce bari ya jefa batir a firiza don ya huce. Sanyin da ya wuce kima yana haifar da raɓa a ciki idan an fito da shi, yin caji ƙasa da digiri sifili kuma yana lalata ƙwayoyin. Ɗaki mai mukayyif ya wadatar.

Yadda ake caji

Batirin da ya fito daga aiki da ɗuminsa yake fitowa. A bar shi a inuwa minti 20 zuwa 30 kafin a ɗora shi a caja. Cajoji masu kyau suna da fanka kuma sukan ƙi fara aiki sai batirin ya huce. Idan ka ga fitila tana ƙyaftawa caji bai fara ba, sau da yawa jira take yi, ba lalacewa ba ce. Bayanin kowace ƙyaftawa yana zane a jikin cajar.

A ɗora caja a kan tayil ko siminti, ba kan katifa, darduma ko kwali ba, kuma kada a lulluɓe ta. Kada a yi caji a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita, musamman a ɗakunan ma'aikata inda mutum shida ko takwas ke kwana. Kada a jona a kwanta barci. Idan ya cika a cire.

A duba rubutun bayan caja. Wutar Saudiyya yanzu 230V ce mai 60Hz, amma tsoffin gidaje da dama har yau suna da soket na 127V. Cajar da aka rubuta wa 220–240V ba za ta yi aiki daidai a tsohon soket ba. Cajar da aka sayo ta intanet daga Amurka mai 120V kaɗai kuwa za ta ƙone nan take a 230V. Fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila shi ne na ƙasar, kuma ya fi dacewa a guji jona caja ta kan adafta mai lilo ko doguwar waya mai araha da aka cika wa kaya.

Batun jabu yana buƙatar magana a fili. A kasuwannin kayan hannu da shafukan saye da sayarwa akwai batura masu launi da siffar na asali a kan rabin kuɗi. Araha ba ta ado. Yawancinsu ƙwayoyin ciki ƙanana ne ko tsoffi, wasu ma babu cikakken allon kariya da zai yanke wuta idan zafi ya yi yawa. Injin hura ganye yana daga cikin kayan aikin da suka fi jan wuta ba hutawa, don haka batirin jabu da zai lallaɓa a jikin injin huda bango zai iya narkewa a nan. Alamomin da ake ganewa: ya yi sakayau a hannu, rubutun jikinsa ya dusashe ko yana da kuskure, an rubuta masa Ah mai yawan da bai dace da girmansa ba, kuma babu takardar garanti.

Ƙura: haɗarin da ba a gani

A Turai ganye ake hurawa. A nan, rabin abin da ke ƙasa rairayi ne mai laushi, musamman bayan guguwa. Injin yana tayar da shi sama, ƙananan ƙwayoyin kuma suna iya daɗewa suna yawo a iska bayan an kashe injin. Manyan ƙwayoyi hanci yana tare su, ƙananan su ke wucewa can cikin huhu. Ƙurar yashi da ta siminti tana ɗauke da sinadarin silika, wanda shaƙarsa shekara da shekaru ke tabo a huhu, tabon da ba ya warkewa. Mai asma kuwa ba ya buƙatar shekaru, minti kaɗan ya isa ya tayar masa da ciwo.

Naɗa rawani ko shimag, wato mayafin kan Larabawa, a hanci ba ya tare wannan. Takunkumin asibiti mai shuɗi ma yana barin iska ta gefe. Abin da ake buƙata shi ne mai lamba N95 ko FFP2, a matse ƙarfen hancin, a canza shi idan ya yi datti ko numfashi ya fara wuya. Masu gemu su sani cewa gemu yana hana shi mannewa sosai, don haka su ƙara himma wajen rage ƙurar tun daga tushe: a yayyafa ruwa kaɗan kafin a fara, ba jiƙawa ba, daidai abin da zai kwantar da ƙura.

Akwai wuraren da bai kamata a kai wannan inji ba sam. Na farko, inda kashin tantabara ya taru ya bushe, kamar kan bene da gefen taga da bayan mukayyif, abin da duk mazaunin Makka da Madina ya sani. Busasshen kashin tsuntsu yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta masu kama huhu. Jiƙa shi ake yi a kwashe da shebur. Haka kashin ɓera. Na biyu, garken raƙuma. Cutar numfashi ta MERS, wadda aka fara ganowa a Saudiyya a 2012, tana da alaƙa da raƙuma, babu hikima a tayar da ƙurar garkensu a shaƙa. Na uku, wurin da aka fesa maganin ƙwari ko aka watsa taki ba da jimawa ba. Na huɗu, cikin ɗaki ko masallaci a rufe: ƙurar kafet ba ta fita, tashi take yi ta sake sauka a kan Alƙur'anai da huhun masallata. Wannan aikin injin zuƙe ƙura ne.

Kafin a matsa kunama, da lokacin aiki

A zagaya wurin da ƙafa tukuna. A tsince tsakuwa, kwalba, ƙusa, waya da ƙayar dabino. Iskar da ke fita daga bututu tana iya kusan kilomita 200 a awa, tsakuwa a irin wannan gudu tana fasa ido ko gilashin mota. Tabarau na aiki mai rufe gefe wajibi ne, na rana ba ya wadatarwa. Takalmi rufaffe, ba silifa ba. Mutane, musamman yara, su yi nisan mita 15. A rufe tagogi, a kashe mukayyif na taga da ke kusa don kada ya zuƙe ƙurar.

Tufafinmu suna buƙatar kulawa ta daban. Yawancin waɗannan injina daga baya suke shaƙar iska, daidai gefen cinya. Jallabiya, bakin rawani, gyale, hijabi ko igiyar katin aiki duk suna iya mannewa a raga. Mafi sauƙin abin da zai faru iska ta toshe injin ya yi zafi, mafi muni zare ya shige ya naɗe farfela. A sa wando da riga masu kama jiki, mai dogon gashi ta ɗaure.

Batir ya shiga har sai an ji ƙas. A juya wa iska baya, kada a yi gaba da ita. A fara da ƙaramin gudu, bakin bututu kusa da ƙasa a ɗan kwance, ana lilo da shi dama da hagu kamar mai shara. Idan aka tsayar da shi tsaye a kan ƙasa, ƙura ce za ta dawo fuska. A fara daga jikin bango da lunguna a fito fili, a tara a wuri ɗaya, sannan manjagara da buhu su ƙarasa. Ba aikin injin ba ne kwashewa, kuma tura shara zuwa ƙofar maƙwabci ko cikin magudanar ruwan titi ba tsabta ba ce. Magudanar da ta toshe tana daga cikin abin da ke jawo ambaliya ranar da ruwan sama ya sauka a Jidda.

A kan tsakuwar ado ko gindin shuke-shuke, a ɗaga bututu sama a rage gudu, in ba haka ba ƙasar shukar ce za ta tafi. A kan ciyawar roba ma haka, domin turbo yana kwashe yashin da aka zuba a tsakaninta.

Wasu suna jin ɗan tartsatsi a hannu lokacin aiki a busasshen yanayi irin na Riyad da Ƙasim. Wannan wutar gogayya ce da ƙura ke tarawa a jikin roba, ba batir ne ke zuba ba. Amma ita ma dalili ce ta nisantar wurin da ake jin warin fetur ko gas.

Abu uku da ake yi a isturaha da ya kamata a daina: hura garwashin gashi da injin, kaɗe ƙura daga jikin mutum da shi, da hawa tsani da shi a hannu. Na farkon yana watsa tartsatsi a kan tanti da busasshen ganye.

Game da ƙara, mai batir ya fi mai fetur sauƙi, amma a turbo wasu suna wuce desibel 85 a ma'aunin ƙara a kunnen mai riƙewa. A wannan mataki awa 8 ce iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka ba kunne, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2. Mai yini yana wannan aiki ya sa abin toshe kunne. Sai kuma haƙƙin maƙwabta: ba bayan sallar Asuba kai tsaye ba, ba lokacin ƙailula ba, ba kusa da masallaci ana salla ba. Hantsi da bayan La'asar sun fi. Dama kuma hukuma tana hana kamfanoni sa ma'aikata aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, lokacin da jiki da batir duka ba sa jurewa.

Kula da injin

Dokar farko: a cire batir kafin a taɓa komai. Bayan kowane aiki a share ragar shaƙar iska da tsohon burushin fenti, a goge jiki da busasshen tsumma. Ba a wanke shi da tiyo, ba a goge shi da fetur ko tina, domin suna cin roba. Ba a zuba masa mai, ƙafafun juyawarsa, wato boris, a rufe suke, mai kuwa ƙura kawai zai tara.

Sau ɗaya a mako a cire bututu a leƙa farfela da tocila. Rairayi yana lasar fukafukanta a hankali kamar samfefa. Idan fiffike ɗaya ya tsage ko ya guntule, farfelar ta rasa daidaito, injin zai fara karkarwa a hannu. Kada a manne da gam, a canza. A ɗaure sukurorin da suka saki, a goge bakin ƙarfen batir da na caja da busasshen abu, a hure ƙurar da ta toshe ramukan iskar caja.

Idan injin ya tsaya farat ɗaya yana tsakar aiki alhali da sauran caji, yawanci kariyar zafi ce ta yanke. A kai shi inuwa a jira. Matsa kunama a kai a kai don tilasta shi yana ƙara ɓarna. Idan iska ta ragu amma ƙara na nan, a duba raga ko leda a bututu. Idan ana jin ƙara kamar niƙa, yashi ya shiga ƙafar juyawa. Idan kuwa an ji ƙaurin ƙonewa, a cire batir, aikin ya zama na mai gyara. Injin da ruwan sama ya doka a cire masa batir a bar shi ya bushe sarai kafin a gwada.

Wurin ɗauka, kada a jefa batir tsirara cikin jaka ɗaya da ƙusoshi, makullai ko tsabar kuɗi. Ƙarfe ɗaya ya haɗa bakunan biyu ya isa ya tayar da wuta.

Idan batir ya kumbura ko ya fara hayaƙi

Kumburi, tsagewa, ɗigar ruwa, wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari, ko zafin da hannu ba ya iya riƙewa alhali ba a aiki da shi, duk suna nufin batirin ya gama. Haka wanda ya faɗo daga bene ko ya nutse a ruwa, ko da ya ci gaba da aiki. A fitar da shi waje a kan yashi ko siminti nesa da abin da ke kamawa, a manne bakunansa da salatif, a mayar wa dillali ko wurin karɓar sharar lantarki. Kada a jefa shi a kwandon sharar baladiyya, wato hukumar gari, domin motar shara tana matse kaya, batirin da aka matse kuma yana tashi da wuta.

Wutar litiyom daban take. Idan ƙwaya ɗaya ta ƙwace, zafinta yana kunna ta kusa da ita, haka har su ƙare, kuma tana iya sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. Hayaƙin guba ne. Idan ta tashi a caja, a kashe wuta daga babban makunni in ana iya kaiwa, a fitar da kowa, a ja ƙofa, a kira 'yan kwana-kwana a 998, ko 911 a yankunan da lambar ke aiki kamar Makka da Riyad. Idan a fili take kuma ba a jone ba, ruwa mai yawa daga nesa yana sanyaya ta. Ba a ɗauka da hannu, ba a rufe ta da bargo a tsaya a kai.

Fetur, batir ko tsintsiya, kuma wa ke ɗaukar asara?

Masu son na fetur suna da hujja: a babbar gona ko doguwar hanya, ƙara mai ya fi jiran caji sauri, kuma zafin ajiya bai dame shi kamar batir ba. Amma yana da nauyi, ƙararsa tana kai desibel 95 zuwa sama, hayaƙinsa a fuskar ma'aikaci yake, ga haɗa mai da baƙin mai, ga fulogi da kafireta da ƙura ke toshewa. Ga gida, isturaha ko harabar makaranta, mai batir ya fi, da sharaɗin a sayi batir biyu, ɗaya na aiki ɗaya na hucewa. Ga ƙaramar tsakar gida mai yawan rairayi kuwa, gaskiya tsintsiya da ɗan ruwa sun fi duka biyun, domin suna kwashe ƙurar ne maimakon su raba ta ga maƙwabta.

Abin da ke damun mutum shi ne inda asarar ke faɗawa. Batir da caja sukan kai kuɗin injin kansa ko su fi. Idan batir ya mutu, sau da yawa ma'aikaci ake tuhuma, alhali mai gida ne ya nuna masa ɗakin kwano ya ce nan ne ma'ajiya. Ma'aikaci ya faɗa tun ranar farko cewa batir yana buƙatar ɗaki mai sanyi, ya nemi takunkumi da tabarau a matsayin kayan aiki, ya kuma tabbatar an adana rasiɗi da katin garanti. Ga ma'aikatan kamfani, dokar ƙwadago ta iyakance abin da za a cire daga albashi saboda ɓarnar kaya zuwa ladan kwana 5 a wata, kuma sai in laifin ma'aikacin ne. Masu aikin gida suna ƙarƙashin wani tsari na daban, su duba abin da kwantiraginsu ya ƙunsa.

Mai son kai shi gida

Da yawa suna sayen injin su tafi da shi Kano, Zinder ko Sakkwato. Injin kansa yana shiga babbar jaka, amma batirin da aka cire ba ya shiga kayan awo, sai jakar hannu, da bakunansa a rufe. Wanda bai wuce Wh 100 ba yana wucewa, kamar 18V mai 5Ah. Daga 100 zuwa 160, kamar 18V mai 6Ah ko 36V mai 4Ah, sai da izinin kamfanin jirgi, kuma biyu kacal. Wanda ya haura 160, kamar 56V mai 5Ah da ke da Wh 280, ba ya hawa jirgin fasinja, a filin jirgin Jidda za a bar shi. Wutar Najeriya da Nijar 50Hz ce, don haka a tabbatar cajar an rubuta mata 50/60Hz, kuma a can a guji jona ta a ƙaramin janareta mai wutar hawa da sauka ba tare da sitabilaiza ba.